In Jari Ya Karye, Kada Mai Shi Ya Karaya



Sharhinmu na yau daga Daddara zai tashi, garin nan na ƙaramar hukumar Jibiya da ke bakin titin da ya fito daga birnin Katsina ya nufi Magama, inda hanya ke karyawa arewa ta shiga Ɗan Isa ta dire Maraɗi. Magana ce a kan mutumin da ya gwada abu ya faɗi, da abin da ke ba shi ƙarfin halin miƙewa ya sake gwadawa. Mun zaɓi wannan yanki ne domin da wuya a sami wurin da aka jarrabi mutanensa a kai a kai kamar wannan ɗan tsakanin a 'yan shekarun nan.

Mu ɗan waiwaya. A tsakiyar watan Yulin 2018 ruwan sama ya sauka cikin dare a Jibiya kamar da bakin ƙwarya. Kafin gari ya waye ambaliya ta ci rayuka fiye da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje, ta tafi da dabbobi da abinci. Ba a gama share hawaye ba, a watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a watan Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe wasu iyakokin a Disamban 2020, irin su Illela da Maigatari, babu ta Jibiya a ciki. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ana cikin wannan jira, a 2021 ta'adin 'yan bindiga ya sa gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwa, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni. Mutane sun fara numfasawa ke nan sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sai cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, sai juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, wanda ya sa aka sake garƙame iyakar har zuwa Maris ɗin 2024.

Wanda ya fara sana'a a kan wannan hanya a 2017, kafin ya cika shekara bakwai a cikinta an kai shi ƙasa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma ba don ya yi ganganci ba. Akwai direban da ya ci bashi ya sayi mota don jigilar Katsina zuwa Maraɗi, motar ta kwana a gindin bedi har tayoyinta suka sace. Akwai ɗan canjin da ke zaune da sefa da naira babu mai tambaya. Akwai ɗan dakon da ƙarfinsa ne jarinsa, ya wayi gari babu buhun ɗauka. Akwai matar da ke dafa shinkafa da wake don direbobi da 'yan kamasho, ta rage tukunya, ta sake ragewa, daga baya ta kife ta. Ga kuma manomin da aka ɗauke masa ɗa, ya sayar da shanun huɗa da gonar gado ya biya kuɗin fansa, ya dawo gida da ɗansa amma babu abin da zai riƙe shi da shi. Da waɗannan mutane muke magana yau.

Masu sauraro, duk wanda ya zauna da mutanen da karayar arziki ta sama ya san wani abu guda. Asarar kuɗi tana da zafi, amma abin da ya fi daɗewa yana danne mutum shi ne kunyar idon jama'a. Ku dubi Alhajin da a da yake loda mota guda ta gero da wake. Tun da jarinsa ya karye ya daina zuwa majalisa. Ya sauya masallaci don kada ya haɗa sahu da wanda ke binsa bashi. Wayarsa in ta yi ƙara sai ya duba lambar, ya kife ta a kan tabarma. Da safe yakan sa babbar riga ya fita don iyali su ga ya fita, ya je ya zauna a wata rumfa nesa da unguwa har azahar. Yana da ƙwarewar shekara ashirin a kansa. In ya damƙi gero ya murza a tafin hannu, ya san na bana ne ko na bara, ya san an yi masa algus ko ba a yi ba. Amma ba zai iya zama a bakin kasuwa da buhu ɗaya da tiya a hannu ba, saboda me za a ce. Wannan “me za a ce” ɗin ya cinye gidaje da yawa waɗanda rufe iyaka bai iya cinyewa ba.

To ku dubi maƙwabcinsa, wanda abin da ya sami wancan shi ma ya same shi. Ya yi baƙin cikinsa, ya kwana biyu bai iya cin abinci ba. Sai ya tashi ya bi masu binsa bashi gida-gida, tun kafin su neme shi. Ya ce da kowannensu, “Ga halin da nake ciki, ban ci maka amana ba, kuma ban gudu ba. Ka ɗaga mini ƙafa zuwa kaka.” Ya ajiye babbar riga, ya karɓi buhu biyu a hannun wani tsohon yaron shagonsa, ya shimfiɗa leda yana awo. Ranar farko wasu sun wuce suna satar kallonsa. Sati na biyu sun saba. Wata na uku sun dawo suna saye a wurinsa, domin sun san ba ya tauye mudu. Maganar mutane ba ta wuce kwana kaɗan, amma yunwar gida kullum sabuwa take.

Wannan hanya da muke magana a kanta tana da nata tarihin faɗuwa da tashi, kuma ya kamata yaranmu su san shi. Wajen 1807, lokacin jihadi, birnin Katsina ya faɗa hannun jama'ar Malam Ummarun Dallaje, gidan sarautar da ke mulki ya fice ya nufi arewa. Ba shari'ar wannan yaƙi muka zo yi ba. Abin da ya sami waɗanda aka ci muke dubawa. An sake fatattakarsu a Ɗankama, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa sarkinsu, Magajin Halidu, da abin ya yi masa nauyi, a cikin rijiya rayuwarsa ta ƙare a can. A cikin mutanen da suka tsira daga wannan rana akwai Ɗan Kasawa. Shi ma ya rasa gari, ya rasa fada, ya ga abin da sarkinsa ya gani. Amma ya tattara ragowar jama'a suka nufi Damagaram, suka yi shekaru suna zaman baƙunta a ƙasar wasu, har wajen 1819 ya sami gindin zama a Maraɗi ya kafa sabuwar sarauta.

Abin lura a nan, jama'a, Ɗan Kasawa bai koma ya zauna a fadar Katsina ba har ya bar duniya. Abin da ya rasa bai dawo masa ba. Wani abu dabam ya samu, kuma wannan abu shi ne Maraɗin da a yau ake kira cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Nijar, wadda sarkinta har gobe ake ce masa Sarkin Katsinan Maraɗi, wadda alhazanta suka yi suna a fatauci a duk faɗin ƙasar Hausa. Da yawa daga cikinmu abin da ke hana mu tashi shi ne mun kafe sai abin da ya tafi ya dawo yadda yake: shagon nan dai, motar nan dai, matsayin nan dai. Sau da yawa Allah ba ta ƙofar da ta rufe yake buɗe wa bawa ba.

Maraɗin nan ta sake ba mu wani darasin a 1945. Tsohon garin a cikin kwari yake, kusa da gulbi. A wannan shekara ambaliya ta yi masa mummunar ɓarna. Da aka tashi sake gini, ba a koma an aza tubali a hanyar ruwa ba, sai aka hau tudu, inda birnin yake a yau. Wannan shi ne bambancin ƙarfin hali da taurin kai. Mai ƙarfin hali yakan zauna ya yi wa kansa lissafi na gaskiya: a cikin abin da ya same ni, wanne ne ƙaddara tsantsa, wanne ne sakacina? Rufe iyaka ba laifin ɗan kasuwa ba ne. Amma zuba dukan jari a kaya iri ɗaya, da cin uwar kuɗi ana zaton riba ce, da bayar da bashi babu rubutu babu shaida, da yin biki na kece raini da kuɗin mutane, waɗannan namu ne. Wanda ya ɗora komai a kan gwamnati ko maƙiya ko sammu, ya hana kansa gyara, kuma ramin da ya faɗa jiya yana nan yana jiransa.

A nan ne ya wajaba mu faɗa wa juna gaskiya a kan fasa-ƙwauri. Mun san yunwa ce ta tura samari da yawa bin hanyar daji da jarkokin mai da buhunan shinkafa a kan babur cikin dare. Mun kuma san gidajen da aka kai wa gawa, da waɗanda aka kama musu kaya jari ya tafi a dare ɗaya. Wanda ya faɗi ta wannan hanya, in ya sake ɗaura ɗamara ya koma mata, bai sake gwadawa ba, maimaita faɗuwa ya yi. Balle kuma wanda zafin talauci ya sa ya fara kai wa 'yan bindiga mai ko abinci ko labarin maƙwabcinsa. Wannan ba tashi ba ne, halaka ce, ga kansa da garinsu.

Addininmu bai bar mu a duhu ba a kan wannan. A shekara ta uku bayan hijira Musulmi sun ji jiki a Uhudu, sahabbai kusan 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Manzon Allah kuma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kansa an ji masa rauni. Ba a ɓoye dalilin abin da ya faru ba, an san maharba ne suka bar dutsen da aka ajiye su. Amma washegari, da raunukan a jikinsu, suka fita zuwa Hamra'ul Asad. Ga kuma Abdurrahman ɗan Aufu, attajirin Makka da ya iso Madina hannu rabbana. Ɗan'uwansa na Madina, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara. Mutumin da aka yi wa bushara da Aljanna bai ji kunyar farawa da ƙaramin ciniki ba, to wane ne ni, wane ne kai? Tawakkali na gaskiya yana tafiya ne tare da motsi. Mai nema yana tare da samu.

Baba manomi na Daddara ya fi mu sanin wannan. Yakan yi binne tun ruwa bai sauka ba. Ruwan farko ya zo, gero ya tsiro, sai a ɗauke ruwa sati biyu ko uku, rana ta ƙone shukar tun tana jaririya. Yakan tsaya a bakin gona ya yi shiru, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya koma gida ya kwance ɗan irin da ya ɓoye. In babu, ya ara a wurin ɗan'uwa. In damina ta ja, ya bar gero mai daɗewa ya nemi mai saurin nuna, ko ya zuba wake. In wani gefen ya yi cunkoso wani ya yi gibi, ya cira ya yi dashe ranar da aka yi ruwa. Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya cinye irinsa duka, komai tsananin bazara. A kasuwa da sana'a, irin da ba a cinyewa shi ne amana. Wanda ya fito daga karayar arziki da sunansa a wanke, to yana da abin shukawa.

Ɗana ɗalibi, 'yata ɗaliba, ku ma da ku nake. Sakamakon WAEC ko NECO ya fito babu kiredit a Turanci ko Lissafi, ko makin JAMB bai kai ba, abokai sun wuce Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman Katsina, kai kana gida. Wasu cikinku karatun ma a cikin firgici aka yi shi, yau a buɗe makaranta gobe a rufe saboda tsaro. Takardar nan ba ta auna iyakar ƙwaƙwalwarka ba, ta auna shirin da ka samu yi ne a wannan shekara. Hukumomin jarrabawar nan suna da zagaye na masu zaman kansu, JAMB kuma duk shekara ake yi. Nemi darasin da ya kayar da kai, ka sami wanda ya iya shi ko da ƙaninka ne, ka zauna a gabansa. Kafin lokacin kuma ka kama sana'ar hannu, ɗinki ko walda ko gyaran waya, don zaman banza shi ne ƙofar da ƙwaya ke shigowa. Ke kuma 'yar'uwa da aure ya mutu miki, ko ƙaramar sana'arki ta cikin gida ta durƙushe, zawarci ba ƙarshen rayuwa ba ne. Da kuɗin adashe kwasa ɗaya mata da yawa suka sake ɗora kaskon awara da ƙuli-ƙuli, suka riƙe marayu har suka zama mutane.

Sai dai, jama'a, ba adalci ba ne mu tsaya a kan wanda ya faɗi muna ta yi masa wa'azin ya tashi, alhali ƙafarmu na kan rigarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kunyar nan da ke kulle mutane a ɗaka, mu ne muke ƙera ta da bakunanmu. Mu ne masu cewa “ai dama mun faɗa”, mu ne masu cewa “alhaki ne ya kama shi”, mu ne masu daina gaishe da mutum da sunan da muka saba ranar da aljihunsa ya bushe. Alhaji mai bin bashi, shari'a ta umarce ka da ka jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna maka cewa yafewa ta fi. Mai fitar da zakka, ka tuna wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata. Maimakon ka raba ta ɗari biyar-biyar a ƙofar gida ta ƙare a cefanen yini ɗaya, ka dubi mutum ɗaya mai sana'a a hannu ka tayar da shi, baɗi shi ma ya tayar da wani. Shugabannin kasuwa da na tasha, ku kuka san wanda ƙaddara ta kayar da wanda ya ci amana. Na farkon ku tsaya masa a ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi, kamar yadda iyayenmu fatake suka riƙa yi wa yaransu. Uwargida kuma, kalma ɗaya daga bakinki da dare tana iya mayar da maigida kasuwa da safe, wata kalmar kuma tana iya ƙarasa shi.

In kuma kun ga ɗan'uwa ya daina magana, ya daina barci, yana cewa gara mutuwa da wannan rayuwa, kada ku ce raki ne. Ku zauna da shi, ku haɗa shi da malamin da yake jin maganarsa, ku kai shi asibiti, domin damuwa mai tsanani ciwo ce kuma tana da magani.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Ba a ce wa mutum ya sake shuka alhali ba ya iya zuwa gonarsa. An gwada sulhu da 'yan bindiga a jihar nan a 2016, an sake a 2019, duka suka wargaje. A farkon 2025 al'ummar Jibiya suka sake zama a kan nasu. Fatanmu ya ɗore, kuma a riƙa duba abin da ya rusa na baya don kada a taka wuri ɗaya. Direbobi sun daɗe suna kuka da yawan shingaye tsakanin Katsina da Magama, kuma kowane shinge ɗan jarin mai tasowa yake gutsura. Madatsar ruwan Jibiya na nan, in aka kula da ita yadda ya kamata samari da yawa za su sami abin yi da rani. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa ta Jibiya, jama'a na zuba ido su ga an kammala shi. Talaka ya nuna zai iya tashi. Abin da yake roƙo shi ne a daina ture shi duk lokacin da ya miƙe.

Mai sauraro, in kai ne abin ya sama, ga abin da nake roƙonka a wannan mako. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ake binka da abin da kake bi, da abin da ya rage a hannunka komai ƙanƙantarsa. Ka je da ƙafarka wurin mutum ɗaya da kake gudun haɗuwa da shi. Sannan ka fara da abin da ke akwai, ko da tiya ɗaya ce. In kuma Allah ya rufa maka asiri, ka nemi mutum ɗaya a unguwarku da ya ɓace daga majalisa, ka yi masa sallama, ka tambaye shi me zai iya farawa da shi, ka kuma rufa masa asiri kamar yadda aka rufa maka.

Allah ya mayar wa kowa da mafificin abin da ya rasa, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da Daddara da Jibiya da Maraɗi da ƙasashenmu biyu lafiya.